Abin Da Ya Sa Ake Ce Mini Layi Biyu

Nasarawa, Birnin Kebbi.

Ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, ina roƙon Allah Ya kai ka Argungu lafiya, Ya sa ka sauka a sa'a, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin masu daɗin baki. Innarka ce ta cusa wannan takarda cikin jakarka, ƙarƙashin farar shaddar da ka ce za ka sa ranar tsayawa. Idan ka same ta, ka nemi wuri ka zauna kai kaɗai. Kada ka karanta ta a gaban abokanka, domin ba labarin dariya ba ne, ko da yake ka san halin ubanka, ko a wurin zaman makoki sai ya nemi abin faɗa.

Ranar Talata bayan la'asar, muna zaune a ƙofar shago, ka gaya mini ka yanke shawarar komawa gidanmu na Argungu ka nemi kansila a mazaɓarmu. Ka ce jam'iyyarku za ta fid da ɗan takara ne ta ƙato bayan ƙato, wato kowane mai nema ya tsaya a fili, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga. Sannan ka dube ni ka ce, "Baba, za ka zo ka tsaya bayana ko?" Ka tuna amsar da na ba ka? Tari na ƙirƙiro, na ce ka duba tayar babur ɗinka ta baya, kamar ta yi sanyi. Tayar nan lafiyarta lau. Jikina ne ya yi sanyi. Yau kwana uku ina juya tambayar, na kasa ba ka amsa ido da ido, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka san sunan da mutanen Argungu ke kirana da shi: Umaru Layi Biyu. Kana ɗan shekara goma ka tambaye ni dalili, sai na zaro wayata mai cin sim biyu na nuna maka, na ce ai ni na fara riƙe irinta. Ka yarda, har kana yi wa 'yan ajinku alfahari. Nasiru, ƙarya na yi maka. Sunan nan ya girmi wayar salula a Argungu. Ranar da aka laƙaba mini shi kana goye a bayan innarka, ko haƙori ba ka fitar ba. Gara ka ji asalinsa daga wurina, domin nan da mako biyu wani zai faɗa maka a tsakiyar fili, kuma ba da ladabi zai faɗa ba.

Ka san Baba Garba mai albasa, wanda gonarsa ke manne da tamu a fadama. Ka sha ganinsa idan mun je gida da salla, kuma na san ka lura ba na daɗewa a inda yake. Ni da shi tare muka tashi. Malami ɗaya ya yi mana bulala, tare muka koyi iyo a gulbi, kuma shi ya raka ni gidan su innarka Hajara lokacin da nake neman aurenta, don ni idan na ga mahaifinta bakina mutuwa yake yi. Da soja suka ce za su mayar da mulki ga farar hula aka buɗe jam'iyyu, Garba ne ya fara kawo tamu cikin mazaɓa. A zaurensa ake taro, a kan tabarminsa, matarsa ke dama mana fura. Lokacin ba wanda ya san inda abin zai dosa. Manyan gari suna can ɗaya ɓangaren, mu kuwa ana yi mana ba'a ana ce mana jam'iyyar masu warin albasa. Ni ne sakatare, saboda na fi shi boko da aji biyu, kuma ina ji da hakan.

Da aka ga alamar mu ne za mu yi rinjaye a jiha, sai waɗanda ke zaginmu jiya suka kwararo cikinmu. Ba su zo hannu sake ba, sun zo da nasu ɗan takarar kansila, wani Sani, ɗan attajiri, wanda mako biyu kafin nan hotonsa na manne a ofishin abokan hamayya. Ko hanyar fadama bai sani ba. Garba ya ce ba zai janye ba, sai aka ce to a tsaya ƙato bayan ƙato. Kowa kuma ya sani, a zaɓen ƙaramar hukuma wanda ya samu tutar jam'iyya mai rinjaye ya gama, sauran duk biki ne. Don haka kujerar a wannan layin take.

Ana jibi za a tsaya, wani Alhaji, jagoran su Sani, ya aiko mini da mota daga Birnin Kebbi. Ba zan ce maka an tsorata ni ba. Ba kuma cika mini aljihu aka yi ba, da ma haka ne da na sami abin fakewa. Gaban mota aka sa ni. Iyakar abin ke nan. Ni da na saba hawa bayan akori-kura tare da buhunan shinkafa, ga ni a gaba, iska mai sanyi na busa ni, direba na ce mini ranka ya daɗe. A falonsa ya zaunar da ni kusa da shi, aka kawo lemo, ya ce:

"Sakatare, kai mai ilimi na, ba sai an yi maka dogon bayani ba. Wanga al'amari an gama shi tun daga sama. Garba mutumin kirki na, amma kansila ba noman albasa ba ta. In kab bi shi, ku faɗi tare. In kaz zo wurinmu, mu ba mu mance mutanenmu."

Na ce, "Allah shi zaɓa muna abin da yaf fi alheri." Na fito ina yaba wa kaina wai ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Amma kafin motar ta wuce Ambursa na riga na sayar da Garba a zuciyata.

Washegari na same shi a iyakar gonakinmu yana gyara hanyar ruwa. Ya miƙe ya goge hannu a wando, ya ce, "Umaru, gobe ka tsaya dab da ni. Ka san mai tsayi gaba bai ganin bayanshi. Ka kama mani gefen riga. In dai ina jin hannunka, hankalina kwance shi ke."

Na ce, "Haba Garba! In ban tsaya bayanka ba, bayan wa za ni tsayawa?"

Kuskurena na farko ke nan, tun ba a je fili ba. A nan ya kamata in ce masa, Garba, an kira ni jiya, kuma zuciyata ta karkata. Da ya yi fushi, da wataƙila ya zage ni, amma da ya san abin da ke bayansa. Don haka ka ji: duk ranar da za ka bar mutum, ka je ka same shi da rana, ka gaya masa da bakinka tun da sauran lokaci. Barin mutum ba kullum yake zama laifi ba. Amma ka bar shi yana zaton kana nan, wannan cin amana ne, kuma ba shi da wani suna na biyu.

Da hantsi aka taru a filin makarantar firamare. Garba ya tsaya, Sani ya tsaya, kamar taku goma tsakaninsu. Maza suka yi layi a bayan kowa, mata suka yi nasu a gefe. Na tsaya a inda na yi alkawari, na kama gefen rigarsa. Shuɗiya ce, wadda ya sa ranar sunanka. Layinmu ya fi tsawo, ko makaho ya san haka. Sai ga motar Alhaji ta zo ta tsaya a inuwar darbejiya. Ya sauke gilashi. Bai kira ni ba, bai ɗaga hannu ba, kallona kawai ya yi. Mai ƙirga ya riga ya fara daga ƙarshen layin Sani yana dafa kafaɗu ɗaya bayan ɗaya.

Na saki rigar.

Na taka takun nan goma kaina a ƙasa. Ƙannena biyu suka biyo ni, da mutanen lungunmu waɗanda duk inda na sa ƙafa nan suke sawa. Mu goma muka tsallaka. Da shida Sani ya fi Garba. Kai ka yi makaranta, sai ka yi lissafin da kanka.

Garba bai juyo nan take ba. Hannu ya miƙa baya yana lalube, kamar mai duba ko aljihunsa na nan. Da bai taɓa kowa ba sai ya waiwayo. Ya dubi gurbin da na bari, ya bi layin Sani da ido har ya same ni. Sai ya juya ya sake fuskantar gaba. Da ma ya zage ni. Wani mahauci mai ƙaton baki ne ya ɗaga murya ya ce, "Kai jama'a, ku dubi Umaru! Mutum guda, layi biyu!" Fili ya ɗauki dariya, har waɗanda na koma wa suna tayawa. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma sai na murtuke fuska kamar wanda ya yi abin kirki.

Innarka tana layin matan Garba da kai a baya. Na yi mata alama da hannu ta taho. Ta gan ni sarai. Sai ta gyara goyo, ta ƙara ɗaure majanyi, ta kau da kai. A nan aka ƙirga ta. Ka ga ke nan kai ma ka taɓa tsayawa ƙato bayan ƙato, kuma ka fi ubanka sanin inda ake tsayawa. Da muka koma gida ta ajiye mini tuwo ta ce, "Malam, ni ban san siyasa ba. Amma na san wanda yar raka ka gidanmu." Shekara ashirin da bakwai ke nan ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar ba, ni kuwa kullum sai na ji ta.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, ranar da ka tsaya a gaba ba za ka ga bayanka ba. Mutanen da za su jeru a can sun bar gonakinsu, sun tsaya a rana, kowa na ganin fuskarsu, wasu ma za su rasa gaisuwar maƙwabta saboda kai. Ƙato bayan ƙato ba kamar dangwala ƙuri'a ba ne, ba a ɓoye ake yi ba. Duk wanda ya tsaya maka ya ba ka fuskarsa. Ka san sunayensu, ka riƙe su, kada wata rana wani ya sauke gilashin mota ka manta da su.

Da a ce na yi hankali, da tun yammacin ranar nan na je zauren Garba na durƙusa, amma ban je ba. Sai na shiga borin kunya. Na fara nemo masa laifi, ina cewa ai shi ma taurin kai gare shi, ai an ba shi shawara ya ƙi ji. Na sauya hanyar zuwa gona, ina zagayawa ta bayan maƙabarta don kada mu haɗu. Shi kuwa duk inda ya hango ni shi ke fara gaisuwa. "Umaru, ina gajiya? Ya Hajara da yaro?" Ba habaici, ba komai. Gaisuwar nan ce ta kore ni daga Argungu. Kana ɗan shekara biyar na kwaso ku zuwa nan Nasarawa ta Birnin Kebbi, na ce wai don kasuwar shinkafa da makaranta mai kyau. Ita ma wannan rabin gaskiya ce.

Aka yi shekaru, sai mulkin jiha ya koma hannun wata jam'iyya. Kafin a gama murna Alhaji ya sauya sheƙa, mu ma muka bi shi ɗuu kamar tumaki. Aka ba ni sabon kati. Da zaɓen ƙananan hukumomi ya zo sai aka ce wannan karon ba layi, masalaha za a yi, kuma masalahar ta faɗo kaina. Haka na zama kansilan mazaɓar da ba na kwana a cikinta. Ana ce mini Honarabul ina amsawa har da gyaran murya. Garba yana nan a tsohuwar jam'iyyar da ya kafa a zaurensa, wadda yanzu ba ta da ko kujerar zama. Duk waɗanda suka ƙwace ta daga hannunsa sun watse sun bar masa ita.

A shekarata ta biyu aka kawo injinan ban ruwa da taki don manoman rani, aka ce kowane kansila ya kawo sunayen manoman mazaɓarsa. Dattawan fadama suka rubuto, sunan Garba ne na uku, kuma wurinsa ne, don ba wanda ya kai shi noman rani a wajen. Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifin abin da ya biyo baya, ban samu ba. Ciyaman bai ce in cire shi ba. Alhaji bai san ma da takardar ba. Ni na sa biro na soke sunan, na maye gurbinsa da na wani tela ɗan jam'iyyarmu. Na gaya wa kaina wai kada a ce ina da ƙafa a cikin 'yan adawa. Gaskiyar ita ce ba zan iya jure ya zo ya tsaya a gabana ya karɓi abu daga hannun da ya saki rigarsa ba. A shekarar ruwa ya yi ƙasa da wuri, tsohon injinsa ya yi ta mutuwa, albasarsa ta bushe tun ba ta yi kai ba.

Ka san Bitrus maƙwabcinmu, mai gyaran injin ban ruwa, wanda ke zagaya fadamu da akwatin kayan aikinsa a bayan babur. Shi ya tare ni a ƙofar gida wata safiya, ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Honarabul, sabon injin da ka ba tela, ya kawo mini wai in nemo masa mai saye, tunda shi ba shi da gona. Na Baba Garba kuma sau uku ke nan ina ɗaure shi da waya. Na ce bari in faɗa maka, ko ba ka sani ba." Na sani, shi ma ya san na sani. Na daka masa tsawa na ce ya tsaya a kan sifanarsa ya bar wa masu mulki mulki. Ya ce, "Yi haƙuri," ya tayar da babur ya tafi. Mutumin da ba garinsu ba, ba danginsa ba, ya fi ni jin zafin ɗan garinmu.

Idan Allah Ya ba ka kujerar nan, takarda irin wannan za ta zo hannunka, ko ta taki, ko ta rijiya, ko ta gyaran aji. Ka tuna sunayen manoma aka ce ka kawo, ba sunayen 'yan jam'iyya ba. Albasa ba ta san wanda ya ci zaɓe ba, ruwa kawai take so. Kuma ka yi hankali da mutumin da ka taɓa zalunta, ba don zai rama ba, sai don zuciyarka za ta so ta ƙara masa. Ban san haka ba sai da na gani a kaina. Wanda ka cuta, ganinsa ma ciwo yake yi maka, sai ka riƙa hukunta shi a kan laifinka.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini nauyin rubutawa. Ka san buhun albasar da ke zuwa gidanmu kowace shekara idan an cire ta rani, wanda kuke cewa na kawunku ne. Ba daga kawunku yake ba. Garba ke aikowa. Tun shekarar da muka bar Argungu bai taɓa fashi ba, kuma saƙon da yake ba direba ɗaya ne: "A kai ma Hajara da yaronta, mutanen layina." Shekarar da na soke sunansa, albasarsa ta ƙone, na ce to bana dai na huta. Sai ga direba da ɗan kwando, 'yan ƙanana ne a ciki kamar goro, da saƙon nan dai bai canja ba. Innarka ta yanka su ta yi miya ta kawo mini. Na ci, Nasiru. Duk miyar da ka tashi da ita a gidan nan da albasar mutumin nan aka yi ta.

Sauya sheƙata ta uku ba ta da wani dogon labari, sai dai ita ta fi arha. Mulki ya sake juyawa, aka tara mu a dandamali wai za a karɓi masu shigowa. Aka miƙa mini abin magana. Na cire hular da ke ɗauke da tambarin jam'iyyar da ta ba ni kansila, na jefar a ƙasa na taka, na zagi mutanen da muka ci abinci a kwano ɗaya. Aka yi tafi. Da na sauko ko kujerar roba ba a ajiye mini ba, waɗanda suka sha wahalar jam'iyyar tun farko sun cika wurin, kuma daidai ne. Wani matashi ya leƙo fuskata ya ce, "Baba Layi Biyu, yanzu layi nawa ke nan?" Na kira Alhaji ta layin farko bai ɗauka ba, na kira ta na biyu bai ɗauka ba. Daga ranar ban sake jin muryarsa ba. Na koma shagon shinkafa inda ka san ni. Katunan nan uku na sa maka su cikin wannan ambulan. Ka dubi hotunan da kyau, mutum ɗaya ne, sai dai a kowanne idonsa na ƙara yin ƙasa.

Ban ce maka jam'iyya addini ba ce. Mutum na iya barin wuri idan an bar gaskiya a wurin. Amma ni ban taɓa barin jam'iyya don ta yi laifi ba, sai don ta faɗi. Ka auna kanka da wannan. Idan ka ga ƙafarka na ƙaiƙayin tafiya daidai lokacin da masu mulki suka sauya, to ba aƙida ba ce, kwaɗayi ne. Ina faɗin haka ne domin kunnena bai mutu ba. Na ji wayar da aka yi maka ranar Laraba, na ji ka ce, "To ranka ya daɗe, Gesse, wane layi?" Gesse kuwa unguwar manya ce a nan Birnin Kebbi, kuma na san masu irin wannan kira yanzu da manya suka fara tururuwa daga wannan ɓangare zuwa wancan. Za su ce kai mai ilimi ne. Za su ce an gama komai daga sama. Wataƙila ma gaskiya suka faɗa, mai yiwuwa ka fi kowa dogon layi kuma wani ya hau kujerar. Idan haka ta faru ka koma gonarka da fuskarka, za ka iya bin kowace hanya zuwa fadama ba tare da zagaye ba. Ni na hau kujerar, kuma yau shekara nawa ban bi ta ƙofar zauren Garba ba. Ka je ka saurare su idan kana so, girmama manya ba laifi ba ne. Amma idan sun ce za su aiko mota, ka ce kana da babur.

Ga abin da nake roƙonka. Idan ka sauka Argungu, kafin ofishin jam'iyya, kafin ma gidan kawunnanka, ka wuce zauren Baba Garba. Ka cire takalmi, ka tsuguna ka gaishe shi. Ka ce kai ne yaron Hajara, wanda aka ƙirga a layinsa yana goye. Ka gode masa albasa. Kada ka nemi ya goya maka baya, ba ka da wannan bakin, ni na cinye maka shi. Kada kuma ka nema mini gafara. Wannan tafiyar tawa ce, ba a aike. Ana gobe za ku tsaya zan shigo motar safe, in je zaurensa da rana tsaka, mutane na gani, in faɗi abin da ya kamata in faɗa tun kana goye. Har maganar injin zan faɗa, ko da yake na tabbata ya sani. Ya yafe ko kada ya yafe, wannan hakkinsa ne.

Sai amsar tambayarka. Ina so in tsaya a bayanka, Nasiru, fiye da yadda na taɓa son kujera. Amma ka sani fuskata kaya ce. Akwai dattawan da idan suka gan ni a layinka za su ce ɗan Layi Biyu ne, su koma gefe, kuma ba zan ga laifinsu ba. Akwai wanda zai ɗaga murya, mahaucin nan ya rasu amma ya bar 'ya'ya masu irin bakinsa. Ka auna da kyau, kai ne mai takara. Idan ka ce in zauna a shago, wallahi ba zan ji haushi ba, zan zauna in yi ta addu'a har a gama. Idan kuma bayan ka karanta duk wannan har yanzu kana so in zo, to zan zo tun kafin a share fili.

Sai dai ba ni zan kama maka riga ba. Hannuna bai cancanta ba. Idan Allah Ya sa Garba ya ga dama don kansa ya fito, ya tsaya maka, shi za ka sa dab da kai, don shi ne mutumin da na sani wanda bai taɓa matsawa daga inda ya tsaya ba. Ni kuma in tsaya a bayansa, in kama gefen rigarsa. A yi dariya, a kira sunan, duk wanda zai sauke gilashi ya sauke. Ba zan saki ba sai mai ƙirga ya dafa kafaɗata ya wuce.

Innarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci kafin ka fita yawon gaishe-gaishe, kuma kada ka yi gudu da babur a kan hanyar nan. Na karanta mata wannan takarda kafin in rufe. Da na gama sai ta tashi ta ɗauko mini babbar rigata ta ce bari a kai wanki, kada ranar ta zo ba a shirya ba.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Ya haɗa ka da mutanen da za su tsaya maka, Ya sa kai ma ka tsaya musu. Idan kujerar alheri ce gare ka da jama'a, Allah Ya ba ka, idan ba alheri ba ce Ya musanya maka da abin da ya fi ta, Ya dawo mana da kai lafiya da mutuncinka. Ka yafe mini ƙaryar wayar nan.

Wassalam.

Mahaifinka,
Umaru, wanda ake ce wa Layi Biyu.